Friedrich Froebel, mutumin da ya ƙirƙiro makarantar renon yara

A cikin watan Agustan shekara ta 1851 gwamnatin Purusiya, wadda ta kasance ɗaya daga cikin dauloli biyu mafiya ƙarfi a yankin Jamusawa na wancan zamani, ta ba da umarnin haramta wani sabon nau'in makarantu, inda yara 'yan shekara uku zuwa shida kan yi waƙe-waƙe da wasa da ƙwallo da gutsattsarin katako. Laifin da aka ɗora wa makarantun shi ne wai suna shirya yara domin rungumar aƙidar gurguzu da rashin yarda da samuwar Allah. Mutumin da ya ƙirƙiro su, Friedrich Froebel, ɗan limamin coci ne mai shekaru 69 da haihuwa a lokacin, kuma ba a yi shekara guda da kafa dokar ba ya rasu. Sunan da ya raɗa wa makarantun, wato Kindergarten, ma'ana lambun yara da harshen Jamusanci, shi ne ya yaɗu daga bisani zuwa kusan kowane lungu na duniya.

Maraici da yawon neman sana'a

An haifi Friedrich Wilhelm August Froebel ne a ranar 21 ga watan Afrilun shekara ta 1782 a ƙauyen Oberweissbach da ke cikin dazuzzukan Thuringia. A wancan lokaci babu wata dunƙulalliyar ƙasa mai suna Jamus, sai tarin masarautu manya da ƙanana, kowace da sarkinta da dokokinta. Mahaifinsa limamin cocin Lutheran ne, mutum mai tsanani wanda hidimar coci ta sha masa kai. Mahaifiyarsa ta rasu tun bai cika shekara guda a duniya ba, kuma ko da yake uban ya sake yin aure, amma matar uban ta juya wa yaron baya bayan da ta haifi nata. Ta haka ya tashi cikin kaɗaici, abin da kawai ke ɗebe masa kewa shi ne lambun gidansu da dajin da ke kewaye da ƙauyen. Sai da ya kai shekaru 10 ne wani kawunsa ya tausaya masa ya ɗauke shi zuwa garin Stadtilm, inda ya samu damar cuɗanya da sa'o'insa. Akasarin masu rubuta tarihinsa sun yi ittifaƙi a kan cewar wannan maraici shi ne tushen duk abin da ya sa a gaba a rayuwarsa.

Yana da shekaru 15 aka kai shi koyon aikin gandun daji. A shekara ta 1799 ya shiga jami'ar Jena, amma karatun ya katse bayan da aka tsare shi a kurkukun jami'ar na tsawon makonni tara saboda bashi. Wannan rashin iya riƙe kuɗi bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Daga nan ya yi ta fafutuka, yau aikin safiyo gobe na akawu, har ya isa birnin Frankfurt a shekara ta 1805 da nufin koyon zanen gine-gine. A can ya gamu da Anton Gruner, shugaban wata makarantar gwaji, wanda ya shawo kansa ya karɓi aikin koyarwa. Ba da jimawa ba ya gane cewar ya samu sana'ar da ta dace da shi.

Daga shekara ta 1808 zuwa 1810 ya zauna a garin Yverdon na ƙasar Suwizalan a makarantar shahararren malamin nan Johann Heinrich Pestalozzi, wanda ya dage a kan cewar yaro ya fi fahimtar abin da ya gani da ido ya kuma taɓa da hannu fiye da abin da aka tilasta masa haddacewa. Froebel ya ƙaru matuƙa, amma a ganinsa tsarin malamin nasa ba shi da wani ginshiƙi guda da ya haɗa sassansa. Neman wannan ginshiƙi ya kai shi jami'o'in Goettingen da Berlin, inda ya yi nazarin ma'adinai. A shekara ta 1813 ya shiga rundunar 'yan sa kai da ke yaƙar Napoleon, kuma a fagen daga ne ya haɗu da Wilhelm Middendorff da Heinrich Langethal, waɗanda suka zama abokan aikinsa na shekara da shekaru. Bayan yaƙin ya yi kimanin shekaru biyu yana aiki a gidan adana ma'adinai na jami'ar Berlin, yana tantance duwatsu bisa ga siffofinsu. Daga baya siffofin nan sun sake bayyana a cikin kayan wasan da ya ƙera wa yara.

Karon farko da mahukunta

A shekara ta 1816 Froebel ya ajiye aikinsa na Berlin ya buɗe makarantar kansa a ƙauyen Griesheim da 'ya'yan 'yan'uwansa su biyar, uku daga cikinsu marayu ne da wansa Christoph ya bari. Shekara guda bayan haka makarantar ta koma Keilhau. A nan ɗalibai kan yi noma da aikin hannu da doguwar tafiya a daji baya ga karatun aji, suna kuma barin dogon gashi da sanya tufafi irin na matasa masu fafutukar haɗin kan Jamus. Wannan ya isa ya jawo musu zargi, domin kuwa tun daga shekara ta 1819 sarakunan Jamus suka shiga farautar duk wanda ake jin yana da ra'ayin kawo sauyi. An tura jami'i ya binciki makarantar, kuma rahotonsa ya wanke ta har ma ya yaba mata, amma ɓarna ta riga ta auku. Iyaye suka yi ta janye 'ya'yansu, inda yawan ɗalibai ya faɗo daga kusan 60 zuwa ƙasa da 10 a ƙarshen shekarun 1820.

A tsakiyar wannan hali ne, a shekara ta 1826, ya wallafa babban littafinsa game da tarbiyyar ɗan Adam. Littafi ne mai wuyar karantawa, cike da dogayen jimloli da zurfin falsafa, kuma bai samu kasuwa ba. Amma jigonsa a fili yake: dukkan halitta tana da tushe guda, wato Allah, kowane yaro an halicce shi da baiwar da ke jiran a tono ta, aikin mai tarbiyya kuwa shi ne ya kula ya kuma kare, maimakon ya yi ta ɗura wa yaro abin da bai kai gare shi ba. Kazalika ya ɗauki wasa a matsayin aiki mafi muhimmanci a shekarun farko na rayuwa, a daidai lokacin da galibin malamai ke ganin wasa shashanci ne.

Daga shekara ta 1831 ya sake komawa Suwizalan, inda ya buɗe makarantu a Wartensee da Willisau, ya kuma sha adawa daga limaman Katolika na yankin. A shekara ta 1835 gwamnatin jihar Bern ta ba shi shugabancin gidan marayu na Burgdorf. A nan ne ya tabbatar wa kansa cewar yawancin matsalolin da malaman firamare ke fama da su sun samo asali ne tun kafin yaro ya taka ƙofar makaranta.

Lambun yara

Froebel yana da shekaru 55 lokacin da ya kama aikin da duniya ta san shi da shi. A shekara ta 1837 ya zauna a ƙaramin garin Blankenburg, ya kafa wata cibiya ta ƙera kayan wasa, sannan ya fara tara yaran garin yana gwada kayan tare da su. Ya daɗe yana neman sunan da zai dace da wurin, saboda ba ya ƙaunar a kira shi makaranta. An ruwaito cewar yana cikin tafiya a ƙasa tare da abokansa a kan tuddan da ke tsakanin Keilhau da Blankenburg ne sunan ya faɗo masa. A ranar 28 ga watan Yunin shekara ta 1840 aka yi bikin kafa lambun yara na farko, a daidai lokacin da Jamusawa ke bikin cika shekaru 400 da ƙirƙiro injin buga littattafai na Gutenberg.

Ya kamata a lura cewar ba Froebel ne ya fara tara ƙananan yara a wuri guda ba. Tun a shekara ta 1802 gimbiya Pauline ta masarautar Lippe ta buɗe gidan renon yara a Detmold, haka nan Robert Owen ya yi wa 'ya'yan ma'aikatan masaƙarsa a New Lanark ta Scotland a shekara ta 1816. A zamanin Froebel irin waɗannan gidaje sun yawaita a biranen Jamus, akasari a hannun coci-coci da ƙungiyoyin agaji. Sai dai manufarsu ita ce tsare 'ya'yan talakawa yayin da iyayensu mata ke wurin aiki, a hana su gararamba a titi, a kuma koya musu ladabi da haddar ayoyin Littafi Mai Tsarki. Abin da Froebel ya zo da shi dabam ne. Shi yana son wuri ne na tarbiyya ga ɗan kowa, ɗan attajiri da ɗan lebura, wanda zai taimaka wa uwa ba tare da ya maye gurbinta ba.

Kayan wasan da ya tsara, waɗanda ya kira kyaututtuka, ana ba da su ne bi da bi. Na farko ƙananan ƙwallaye ne shida na zaren ulu masu launi dabam-dabam. Na biyu ƙwallon katako ne da wani gungume mai siffar gwangwani da kuma wani mai fuska shida irin siffar ƙwayar sukari. Na uku shi ne wannan mai fuska shida an yanka shi gida takwas daidai wa daida, na huɗu kuma an yanka shi kamar tubala takwas, a haka abin ke ƙara sarƙaƙiya. Da gutsattsarin nan takwas yaro zai gina kujera ko gida, zai ga abin da ake nufi da rabi da rubu'i tun kafin ya san sunayensu, zai kuma jera su su ba da zane mai ban sha'awa. Ƙa'idar ita ce a yi amfani da dukkan gutsattsarin, kuma sabon gini ya fito daga cikin na baya maimakon a rushe a sake sabo. Bayan haka akwai naɗe takarda da saƙa da ginin yumɓu da wasannin da'ira haɗe da waƙa. Lambun ma ba suna ne kawai ba, domin kowane yaro yana da ɗan fegin da yake shukawa, a kewaye kuma akwai na tarayya da kowa ke kula da shi.

Ta fuskar kuɗi dai shirin bai yi armashi ba. Froebel ya yi kira ga matan Jamus da su sayi hannun jari domin gina wata babbar cibiya, amma abin da aka tara bai taka kara ya karya ba. Sai ya koma yawo gari-gari yana lacca yana nuna kayan wasansa. A shekara ta 1844 ya buga littafin waƙoƙi da wasannin yatsu domin iyaye mata, wanda ya fi sauran rubuce-rubucensa karɓuwa.

Wani abin da ya jawo masa ba'a shi ne dagewar da ya yi a kan horar da mata a matsayin malamai. A wancan zamani koyarwa a Jamus sana'ar maza ce, kuma da farko shi ma maza ya nema, amma da ya ga 'yan mata ne ke amsa kiransa sai ya mayar da hankali gare su. Ida Seele, wadda ta je wurinsa a shekara ta 1843, ita ake ɗauka a matsayin malamar lambun yara ta farko. Ta wannan hanya wata sabuwar sana'a ta buɗe wa mata, a lokacin da ƙofofin jami'a ke rufe gare su.

Juyin juya hali da dokar haramci

A shekara ta 1848 guguwar juyin juya hali ta kaɗa a nahiyar Turai, aka kafa majalisar dokoki ta farko ta dukkan Jamusawa a birnin Frankfurt. Froebel ya ga dama ta samu. A watan Agustan wannan shekara ya kira taron malamai fiye da 200 a Rudolstadt, inda bayan zazzafar muhawara aka amince a miƙa wa majalisar da gwamnatocin Jamus buƙatar mayar da lambun yara matakin farko na ilimin gwamnati. Buƙatar ba ta je ko'ina ba, saboda a shekara ta 1849 sarakuna suka sake riƙe ragama, majalisar ta watse. Abin da ya rage kawai shi ne an riga an haɗa sunan Froebel da na 'yan neman sauyi.

A daidai wannan lokaci ne kuma al'amura suka fara yi masa kyau ta wani ɓangaren. A wurin shaƙatawa na Liebenstein, inda mutanen gari ke masa kallon wani tsoho mai taɓin hankali da ke tsalle-tsalle da yaran ƙauye, ya haɗu da wata mace daga gidan sarauta mai suna Bertha von Marenholtz-Buelow, wadda ta zama babbar mai tallata aikinsa. Shahararren masanin ilimi Adolph Diesterweg shi ma ya mara masa baya. A shekara ta 1850 sarkin Saxe-Meiningen ya ba shi gidan Marienthal domin horar da malamai mata, a shekara ta 1851 kuma ya auri ɗaya daga cikin ɗalibansa, Luise Levin, shekaru 12 bayan rasuwar matarsa ta farko. 'Yan makonni bayan auren ne labarin haramcin ya iso.

Ministan ilimi da harkokin addini na Purusiya, Karl Otto von Raumer, shi ne ya rattaba hannu a kan umarnin a ranar 7 ga watan Agustan shekara ta 1851. Hujjar da ya dogara da ita wata ƙasida ce game da manyan makarantun 'yan mata da lambunan yara, wadda Karl Froebel, ɗan wan Friedrich, ya rubuta. Shi Karl yana shugabancin wata kwalejin mata ne a Hamburg, kuma an san shi da ra'ayin kawo sauyi. Ɗan'uwansa Julius Froebel ma wakili ne a majalisar Frankfurt, wanda aka taɓa yanke wa hukuncin kisa a Vienna a shekara ta 1848 kafin a yi masa afuwa. Saboda haka nan take aka ɗauka cewar ma'aikatar ta rikita mutanen biyu ne. Friedrich ya aika wa Berlin da littattafansa tare da roƙon a bincika a gani, amma ministan ya ƙi janye umarnin.

Ko shakka babu akwai rikita sunaye a cikin lamarin, amma wannan bai isa ya bayyana taurin kan da ma'aikatar ta yi ba bayan an nuna mata kuskurenta. Gaskiyar magana ita ce da yawa daga cikin masu buɗe lambunan yara a wancan lokaci 'yan ƙungiyoyin Kirista ne da suka ɓalle daga manyan coci-coci, da kuma mata masu neman 'yanci, sannan a wasu wuraren 'ya'yan Kirista da na Yahudawa na zama tare. Bugu da ƙari, ko da yake Froebel mutum ne mai tsananin imani wanda ke fara darasi da addu'a, amma bai yarda a ɗora wa ɗan shekara huɗu haddar aƙidar wata ɗarika ba. Shi da ministan duka sun yarda cewar icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saɓaninsu a kan wanda ke da hakkin tanƙwarawar ne da kuma inda za a karkatar da iccen. Gwamnatin da ta tsallake rijiya da baya a shekara ta 1848 ba ta shirya barin wannan aiki a hannun mutanen da ba ta amince da su ba. Shekaru uku bayan haka ma'aikatar Raumer ta fito da ƙa'idojin da suka mayar da haddar darussan addini ginshiƙin karatun firamare a Purusiya.

Dokar ta yi wa Froebel ciwo ƙwarai, musamman zargin rashin imani, har ya fara tunanin yin ƙaura zuwa Amurka. A shekara ta 1852 ya halarci babban taron malaman Jamus a Gotha, inda mahalarta suka miƙe tsaye domin girmama shi. Jim kaɗan bayan haka ya kwanta ciwo, ya kuma rasu a Marienthal a ranar 21 ga watan Yunin shekara ta 1852 yana da shekaru 70. An binne shi a Schweina, kuma dutsen da ke kan kabarinsa an sassaƙa shi ne da siffar kyautarsa ta biyu: mai fuska shida a ƙasa, mai siffar gwangwani a tsakiya, ƙwallo a sama.

Bayan rasuwarsa

Sai a shekara ta 1860 aka ɗage haramcin, bayan doguwar fafutukar Marenholtz-Buelow da magoya bayanta. Kafin nan kuwa Jamusawan da suka yi gudun hijira bayan rushewar juyin juya halin sun riga sun tafi da tsarin ƙetare. Bertha Ronge da mijinta sun buɗe lambun yara a Landan a shekara ta 1851, ƙanwarta Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a garin Watertown na jihar Wisconsin a shekara ta 1856, sai Elizabeth Peabody ta buɗe mai amfani da Turanci a Boston a shekara ta 1860. A shekara ta 1873 hukumar ilimi ta birnin St. Louis ta amince wa Susan Blow ta buɗe ajin lambun yara a makarantar gwamnati, wato abin da taron Rudolstadt ya nema shekaru 25 kafin nan. Gwamnatin Japan ta bi sahu a birnin Tokyo a shekara ta 1876.

Yaɗuwar ta zo da nata lahani. Wasu almajiransa sun mayar da kyaututtukan tamkar faretin soja, malama na ba da umarni yara na ɗaga katako a lokaci guda, abin da ya sa masana irin su John Dewey suka soki tsarin a ƙarshen ƙarni na 19. Sannu a hankali aka yi watsi da tsauraran ƙa'idojin, aka riƙe wasa da waƙa da zaman da'ira.

Sunan ya iso Afirka ta Yamma ta hannun Turawan mulkin mallaka da 'yan mishan. A Ghana da Nijeriya ana jin sa a azuzuwan da ake kira KG, a Nijar kuma fassararsa ta Faransanci ake amfani da ita. Manufar ilimi ta Nijeriya ta shekara ta 1977 ta amince da matakin nazare, amma ta bar samar da shi a hannun masu zaman kansu, sai dokar ilimin bai ɗaya ta shekara ta 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilimin tushe. Ita kuwa Ghana ta haɗa shekaru biyu na KG da ilimin tushe na kyauta a sauye-sauyen da ta yi a shekara ta 2007.

A ƙasarsa ta haihuwa lamarin ya fi jan ƙafa. Dokar kula da matasa ta shekara ta 1922 ta sanya lambunan yara a ƙarƙashin hukumomin jin daɗin jama'a maimakon ma'aikatar ilimi, tare da ba wa coci-coci da ƙungiyoyin agaji fifiko wajen gudanar da su. Bayan yaƙin duniya na biyu Jamus ta Gabas ta mayar da su wani ɓangare na tsarin ilimin gwamnati, ta kuma yi amfani da su wajen cusa aƙidar gurguzu, abin da aka zargi Froebel da shi bisa kuskure shekaru 100 kafin nan. Jamus ta Yamma ta ci gaba da bin tsohon tsari. Sai a shekara ta 1996, bayan sake haɗewar ƙasar, kowane yaro ɗan shekara uku ya samu hakkin gurbi a lambun yara bisa doka, a shekara ta 2013 kuma aka faɗaɗa hakkin samun gurbin reno zuwa yara 'yan shekara guda. Gidan da Froebel ya fara tara yara a Blankenburg an mayar da shi gidan tarihi mai ɗauke da sunansa.